Wata shida ina bin karatun Attaura haɗe da waƙoƙi, ga yadda na same shi

Wani abokina da ke karatu a Amurka ne ya jefa ni cikin wannan harka, don ya san ni da son rege da kuma bin diddigin tarihin annabawa. Aji ne na intanet da wani malamin Yahudawa yake gudanarwa, ana biyan kuɗi duk wata, kowane mako ya ɗauko kason Attaura na wannan makon ya haɗa shi da wata waƙa da duniya ta sani. Na shiga a watan Oktoba, na tsaya a Afrilu.

Ga wanda bai sani ba, Yahudawa sun raba littattafan Attaura biyar zuwa kashi 54, kowane kashi suna ce masa parasha, suna karanta ɗaya duk Asabar a majami'arsu har su sauke a shekara guda, ranar bikin Simhat Tora su koma farko. Wasu makonnin ana haɗa biyu don lissafi ya cika. Ni dai abin ya tuna min yadda ake bin izu-izu har a kai ga sauka. Sa'a ta na shiga daidai lokacin da suka koma farko, sai na bi labarin tun daga halitta.

Mako na huɗu ne ya kama ni, kason da ake kira Vayera, inda labarin Annabi Ibrahim da yanka ɗansa yake. A wajensu Ishaƙa ne, mu kuma akasarin malamanmu Isma'ila suka ce, malamin ya san da haka har ya ambata da kansa ba tare da wani ja-in-ja ba, wannan ya burge ni gaskiya. Sai ya ɗauko kalma ɗaya tak ta Ibrananci, hineni, wato "ga ni", amsar da Ibrahim ya bayar da aka kira shi, ya sa mana You Want It Darker ta Leonard Cohen, Bayahuden Kanada ɗan Montreal, wadda ke cikin kundin waƙoƙinsa da ya fito a Oktoban 2016 shi kuma ya rasu a Nuwamba, makonni kaɗan tsakani, kuma mawaƙan majami'ar garinsu ne suke masa amshi. Dattijo mai shekara 82 da murya kamar daga ƙasan rijiya yana maimaita wannan kalma. Na taɓa jin waƙar a da ban gane komai ba, ranar nan sai da na saurare ta sau uku ina zaune a tsakar gida, maiɗakina har ta leƙo tana tambaya wai lafiya. A nan na gane dabarar tana aiki ne idan shi mawaƙin daga cikin nassin ya ɗebo, malamin nuna maka rijiyar kawai yake yi.

Haka ma da aka zo Beshallah, tsallake teku, inda Annabi Musa da mutanensa suka rera waƙa, Maryam 'yar'uwarsa ta fito da ganga mata na biye da ita, Asabar ɗin ma sunanta Asabar ta waƙa. Ya kawo Exodus ta Bob Marley ta 1977, wadda ya yi a Landan bayan an harbe shi a Kingston a Disamban 1976, ya kuma faɗa ƙarara cewa Marley ɗan Rasta ne ba Bayahude ba, labarin fita daga bauta ne bayin Jamaika suka ara suka mayar nasu. Ni da na girma da kaset ɗin nan a shagon yayana, na ji daɗin wannan makon ba kaɗan ba.

To amma fa da muka shiga littafi na uku, na dokokin hadaya da tsarki, sai tuwo ya fara ƙarewa miya ta rage. Kason Tazriya magana ce ta cutar fata da yadda firist zai duba mutum ya killace shi kwana bakwai. Wane mawaƙi ne ya yi waƙa a kan wannan? Babu, sai malamin ya ɗauko wata waƙar soyayya wai ai tana maganar kaɗaici, wai shi ma wanda aka killace kaɗaici yake ji. Haba malam! Da wannan lissafin ai duk waƙar da ka ga dama za ka iya liƙa wa kowace aya. Makonni uku a jere haka, rabin lokaci na tafiya a kan tarihin mawaƙi, nassin kuma a taɓa shi sama-sama. Na fi son ya ce wannan makon ba waƙa, ya rera mana da karin karatunsu na asali, tunda dama Attaurar ba a karanta ta haka kawai, akwai alamomin rerawa a kan kalmomin, sau ɗaya ya gwada mana kuma ya fi waƙar soyayyar nan daɗi nesa ba kusa ba.

Sai matsalar lokaci, ƙarfe takwas na darensu biyun dare ne a Kano, don haka rikodin nake kallo washegari, ba damar tambaya. Ga biya da dala, ga data. Nassin kansa kuwa kyauta nake karantawa a manhajar Sefaria, tana nuna kason kowane mako da fassarar Turanci.

Idan za ka gwada, shiga daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin Ibrahim da Yusufu da Musa. Ni na dakatar da biya, amma na sa a raina in Allah ya kai mu zan koma idan sun dawo kan labarin Yusufu, don na rasa mako biyu a ciki lokacin da wayata ta faɗa ruwa.