Labarin Edam da yadda kaya suke a nan

Salamu alaikum Yaya, da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara. Kun ce in ba ku labarin garin da nake da yadda kaya suke, to bismillah.

Sunan garin Edam, a ƙasar Holan, wajen kilomita 20 arewa da Amsterdam. Jirgin ƙasa baya zuwa sai bas, kuma katin banki kawai zaka ɗora a na'ura ka wuce, ba kwandasta ba rigimar canji. Ƙaramin gari ne amma ya tsufa, tun 1357 aka bashi matsayin birni. Da can a bakin teku yake, ƙera jiragen ruwa ce sana'arsu, sai a 1932 aka datse tekun da wata doguwar madatsa, Afsluitdijk, ruwan gishiri ya koma ruwan daɗi, yanzu tafki ne a gabanmu ana ce masa Markermeer.

Abin da har yau yake bani mamaki shine ƙasar kanta. Filayen kiwon da suka kewaye mu da yawansu a da tafkuna ne, da injin iska aka janye ruwan, Beemster a 1612, Purmer a 1622, wallahi in ka hau kan madatsa zaka ga ruwa a sama ta wannan gefen, ta ɗayan kuma shanu na kiwo can ƙasa hankalinsu kwance. Kuma ba wai an yi an gama bane, famfunan zuƙe ruwa na nan suna aiki, akwai hukuma ta musamman da aikinta kenan, duk shekara takardar harajinta na zuwa min har gida. Ina biya ba tare da ɓacin rai ba, don duk sanda na tuna yadda madatsar Alau ta ɓalle a 2024 ruwa ya ci Maiduguri sai raina ya sosu. Su ma fa ruwa ya taɓa cinye yankin nan a 1916, shi ya sa basa wasa dashi.

Maganar kaya kuwa, cuku ne ya fito da sunan Edam a duniya, mulmulalle kamar ƙwallo, na kaiwa waje a lulluɓe shi da jan kaki. Kasuwarsa ta asali ta mutu tun 1922, yanzu ranar Laraba a watan Yuli da Agusta suke kwaikwayonta saboda 'yan yawon buɗe ido. Yana da gishiri da maiƙo, ba irin busasshen cukun Agadez ba. Madara da nono da dankalin turawa da burodi ba tsada in ka kwatanta da albashi, ruwan famfo kuma kai tsaye ake sha. Gwangwanin lemo ma in ka mayar kanti a baka santi 15. Madarar Peak ɗin da muke sha da shayi asalinta kamfanin ƙasar nan ne, haka atamfa 'yar Holan, a Helmond ake bugata, amma Yaya ta fi sauƙin samu a Kantin Kwari akan nan, a gaya wa Anti ta haƙura ta saya a gida.

Inda ake jin jiki shine aikin hannu. Tela, aski, gyaran keke, duk sai ka riƙe baki in an faɗi kuɗi, ba ciniki, ba "ragi nawa", ba kuma mai baka bashi zuwa ƙarshen wata irin na mai shagon unguwa. Inshorar lafiya dole ce, sama da yuro 100 duk wata, kuma yuro 385 na farko a asibiti daga aljihunka ne. Likita sai ka kira an baka rana, sau da yawa ya ce ka sha farasitamol ka huta, ba kemis ɗin da zai sayar maka da maganin ƙwayoyin cuta ba takarda.

Naman halal sai na je Purmerend ko Amsterdam wajen Turkawa da 'yan Maroko. Don Allah in an samu mai tahowa a haɗo min kuka da daddawa da yaji, kilishi kam kada a saka, doka ta hana shigowa da nama, a filin jirgi zasu karɓe.