Ƙotar wuƙa a zafin Hijaz: sharhi kan wuƙaƙen aljihu huɗu bayan shekara uku a hannuna

Shekara uku ke nan da na fara tara wuƙaƙen aljihu irin na da, wato waɗanda ake buɗewa da farce a kuma mayar da ruwansu cikin ƙota, ba masu maɓallin da ake dannawa su fito da ƙarfi ba. A yau ina da goma sha ɗaya a cikin wani ƙaramin akwati a gidana da ke Jidda, amma huɗu ne kaɗai suka yi mini aikin da ya isa in yanke musu hukunci, domin su ne suka fere mini asuwaki, suka yanka lemo da mangwaro, suka tsaga kwali, ɗaya kuma ta taya ni gyaran naman layya har sau biyu. Mu biyar ne masu wannan sha'awa a cikin abokan zamana, dukkanmu Hausawa, uku a Makka biyu a Jidda, kuma duk lokacin da muka haɗu a gidan babbanmu da ke wajen Shara Mansur a Makka, yawancin gardamarmu a kan ƙarfe take tafiya: wanne ya fi riƙe kaifi, wanne ya fi saurin tsatsa. Ni kuwa abin da amfani ya koya mini shi ne, a nan Hijaz, yankin Makka da Madina da Jidda a Saudiyya, ƙota ce take fara gajiya tun kafin ruwan wuƙa ya nuna wata alama, saboda haka a kanta zan fi tsayawa.

Wadda na fara saya ita ce Opinel mai lamba 8, wuƙar manoman yankin Savoie na ƙasar Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a shekarar 1890. Tsawon ruwanta santimita 8.5 ne, ƙotarta kuma guntun itace ne guda ɗaya da aka sassaƙa aka tsaga masa hanyar da ruwan zai kwanta, sai wani zobe na ƙarfe a wuyanta da ake murɗawa don kada ta naɗe a kan yatsu, wanda aka ƙara mata a 1955. Ban taɓa riƙe wuƙar da ta zauna a tafin hannu kamar wannan ba. Ƙotar kewayayya ce, ba ta da kusurwar da za ta ci hannu, ba ta da nauyi, kuma ranar da na yi kusan awa biyu ina raba nama da ƙashi, hannuna bai yi ko ja ba. Tawa mai baƙin ƙarfe ce, irin wanda yake canja launi idan ya taɓa albasa ko lemon tsami, yana kuma ɗaukar wasa cikin sauƙi a kan ƙaramin dutse.

Sai dai itace ba ya barin halinsa na itace. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da danshin Bahar Maliya yake kwanciya a kan Jidda har gilashin mota ya riƙa zufa da asuba, ƙotar takan sha laima ta kumbura, ta damƙe ruwan wuƙar yadda farce ba zai iya ciro shi ba. Mutanen Savoie sun daɗe da sanin maganin wannan: a riƙe wuƙar ta wajen zobe, a buga gindin ƙotar a gefen tebur sau ɗaya, sai ruwan ya ɗan leƙo a kama shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, irin wannan wuƙa a hannun abokina da ke Makka, inda iska ta fi bushewa, ba ta taɓa yi masa haka ba, tasa ma sakwarkwacewa take yi har yakan so ta ɗan ƙara tauri. Tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba ce tsakaninmu, amma sai ka ce ba gida ɗaya wuƙaƙen suka fito ba. Daga baya na bar tawa ta bushe sosai a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, na ɗiga mata mai a mahaɗar, na bar itacen ya sha har ya ƙoshi, kuma tun daga lokacin kumburin ya ragu ƙwarai. Wanda yake zaune a bakin teku, shawarata ya nemi Opinel mai ƙotar itacen zaitun, domin ya fi tauri da maiƙo, ga kuma zanen jijiyoyinsa da yake ƙara fitowa idan hannu ya daɗe yana shafarsa.

Babbanmu yakan ce duk wannan wahalar banza ce, tun da akwai Okapi, wuƙar da aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, aka kuma mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. An shayar da itacen ƙotarta da wani irin ƙaro da ke hana shi shan ruwa. Gaskiyarsa ce ta fuskar juriya, amma ni ban yi aiki da ita ba sai riƙewa, don haka na bar masa shaidarta.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina, ta kuma fi ba ni baƙin ciki, ita ce mai ƙotar ƙaho. Ƙirar Laguiole ce, sunan wani ƙauye a yankin Aveyron na kudancin Faransa, inda makiyaya suka saba da siririyar wuƙa mai ɗan lanƙwasa da hoton ƙudan zuma a bayanta. Ya kamata mai saye ya sani cewa sunan ba na kamfani ɗaya ba ne, masu ƙira da yawa ne suke amfani da shi a Faransa da wajenta, kuma ingancinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Tawa ƙahonta ruwan zuma ne da ratsin baƙi, idan aka ɗaga ta a hasken rana sai a ga hasken yana ratsa gefenta, kuma a duk akwatina babu wadda baƙo yake fara miƙa hannu gare ta kamar ita. Wata rana a tsakiyar bazara na manta ta a aljihun gaban mota tun daga hantsi har la'asar. Da na ɗauko ta, gefe ɗaya na ƙotar ya ɗago daga jikin ƙarfe har ana iya zura takarda a tsakani, ga kuma wata siririyar tsaga da ta taso daga ƙusar tsakiya kamar gashi. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don na san ba za ta koma yadda take ba.

Da na bi diddigin abin, sai na fahimci dalili. Ƙaho ɗan uwan farce ne da gashi, zafi yana tausasa shi, bushewa tana sa shi ya tsuke. Kuma ƙahon da ake yin ƙota da shi iri biyu ne. Akwai tsinin ƙaho, wanda yake cikakke ba rami, ana yanka ƙota daga jikinsa kai tsaye, shi ya sa ya fi tsada, tun da ɗan kaɗan ake samu a kowane ƙaho. Akwai kuma ɓangaren ƙasa mai rami, wanda ake tsagawa a gasa a danne shi har ya miƙe, kuma shi wannan duk ranar da ya sake jin zafi sai ya nemi komawa lanƙwasarsa ta asali. Tawa irin ta biyun ce. Da na san wannan bambanci tun farko, da na ƙara kuɗi na sayi ta tsini, ko kuma na haƙura da ƙaho gaba ɗaya.

Na nuna ta ga wani dattijo Bahaushe mai sayar da asuwaki, wanda na daɗe ina saye a wurinsa, domin ban san wanda ya fi shi yawan riƙe wuƙa a rana ba. Ya juya ta a hannunsa, ya bi tsagar da babban yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, ƙaho mai yake so, kamar ƙafar mutum a lokacin hunturu. Ka bar shi da ƙishi, ka kuma kai shi rana." Na ce, "Baba, to yanzu akwai dabara?" Ya ce in shafa mata mai in ɗaure ta da zare tamau in ajiye a inuwa, za ta ɗan kwanta, amma tsagar ta zauna ke nan. Haka kuwa aka yi. Wuƙarsa shi kuwa wata 'yar ƙarama ce da wasa ya cinye rabin ruwanta, ya naɗe ƙotar da fata ya ɗinke da kansa, irin yadda dukawa suke yi wa wuƙaƙen gida, kuma da ita yake fere saiwar arak, itacen da ake yin asuwaki da shi, da sauri ba tare da ya kalli hannunsa ba.

A nan ƙasar ba a maganar ƙaho ba a taɓo janbiya ba, wuƙar ɗamara ta mutanen Yaman da Najran da Asir, wadda darajarta take a ƙotarta, mafi tsada kuma a da ita ce ta ƙahon karkanda. An haramta cinikin ƙahon karkanda tsakanin ƙasashe tun 1977, an kuma yanke irin wannan hukunci a kan hauren giwa a 1989. Duk wanda ya yi mini tayin ƙaramar wuƙa ya ce ƙotarta haure ce, ba na ko tambayar kuɗinta, don ko dai ƙarya yake yi, ko kuma abin da yake sayarwa bai halatta ya fita da shi ko'ina ba.

Idan aka ce in zaɓi ƙota ɗaya domin zaman Hijaz, ƙashi zan zaɓa. Tawa ƙirar Case ce, kamfanin da ke garin Bradford a jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda tarihinsa yake komawa zuwa 1889, kuma ƙashin da suke amfani da shi na ƙwaurin shanu masu tozo ne da ake kawowa daga Brazil, wato dangin shanun da muka sani a gida. Ana sassaƙa wa ƙashin ƙananan ramuka a rina shi, ramukan su ne suke hana wuƙar sulɓewa idan hannu yana zufa. Wannan ita ce ta fi daɗewa a aljihun jallabiyata, ta sha danshin Jidda, ta sha bushewar Madina, ba ta kumbura ba, ba ta ɗago ba. Abin da ya canja kawai shi ne launinta: wuraren da yatsa yake yawan taɓawa sun yi haske sun yi sumul, ramukan kuma sun ƙara duhu, har ta fi ranar da na saye ta kyau. A lokacin zafi ƙashi yana da wani sanyi a tafin hannu da itace ba shi da shi. Rauninsa ɗaya ne, ba ya son faɗuwa a kan tayil, domin yakan ɓalle a gefen ƙusa, kuma ɗaya daga cikin abokanmu ya yi asarar tasa ta wannan hanya. Haka kuma siririyar ƙota ce, ba ta kai ta itace daɗin riƙo ba idan aikin mai tsawo ne.

Sai a yi hattara da abin da ake kira ƙashi a kasuwa. Wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa ƙotar wata wuƙa ƙashin raƙumi ce, alhali roba ce da aka yi wa launi. Ana yin ƙota da ƙashin raƙumi da gaske, kuma yana da kyau, amma ƙashi na ainihi yana da ƙananan ɗigo da siraran layuka a jikinsa idan aka duba shi kusa da ido, ya fi roba nauyi da sanyi, idan kuma aka ɗora masa allura mai zafi a wani lungu ba ta nutsewa, roba kuwa nan take take narkewa.

Ta huɗun ba ni da dogon bayani a kanta, ko da yake ina ƙaunarta saboda wani dalili na daban. Douk-Douk ce, wadda gidan Cognet na garin Thiers ya fara yi a 1929, ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka ninke. An yi ta ne da nufin kasuwar tsibiran Melanesiya da ke tekun Pasifik, amma a Arewacin Afirka ta samu karɓuwa, har aka fitar da wani nau'i mai suna El Baraka, wanda aka cire masa hoton dodon da ke jikin ta asali aka sa alamar nan ta Agadas da maƙeran Buzaye suke ƙerawa da azurfa. Irin wannan ce tawa, kuma duk Bahaushen Nijar da ya gan ta sai ya yi murmushi. Ba ta tsoron danshi ko bushewa, siririya ce ƙwarai har akan manta tana aljihu, sai dai idan ta kwana a rana ba ta riƙuwa don zafi, kuma gefenta yana cin hannu a aiki mai nauyi.

Ga masu sayen tsofaffin wuƙaƙe a kasuwar gwanjo, akwai wata tsohuwar roba mai ƙyalli da ake kira seluloyid, wadda idan ta tsufa takan fitar da wani tururi mai tsami da ke cin ƙarfe, ba nata kaɗai ba har da na maƙwabtanta a akwati. Alamarta ita ce tsatsa a daidai ɓangaren ruwan da yake kusa da ƙota, kuma zafi yana gaggauta lalacewarta, saboda haka duk wadda na yi zargi a kanta nakan ware ta ita kaɗai.

Yanzu tsarina shi ne, duk bayan wata biyu nakan shafa wa ƙaho da ƙashi man jarirai kaɗan da tsumma, ba man zaitun ba, domin shi yakan yi ɗanko ya canja wari idan ya daɗe. Ba na barin ko ɗaya a mota, ba na shiga Harami da wuƙa, ba na kuma sa ta a jakar hannu idan zan hau jirgi. Mai ƙashin ce a aljihuna kullum, Opinel tana kicin tana jiran layya mai zuwa, mai ƙahon kuwa tana cikin akwati a naɗe da ƙyalle, kuma ina ajiye kuɗi kaɗan kaɗan domin in sayi irinta ta tsinin ƙaho, in gwada ta tsawon bazara guda a nan Jidda.