Akwatin ƙwallayen gina molekul: abin da yake koyarwa da inda yake ruɗar ɗalibi

Wannan bayani ne ga malaman fizik-shimi da na SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa) a makarantun lise na Maraɗi, da iyayen da ke son saya wa yaron da ke shirin jarrabawar bak. Kayan da ake magana a kai shi ne akwatin roba mai ƙwallaye da sanduna na gina molekul, irin marar suna da ake kawowa daga Sin. Ba kowane shagon littattafai ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an yi sautu daga Yamai ko Kano. Ya ci kuɗinsa, amma sai malami ya san wuraren da yake ɓatar da yaro.

Launukan sun bi ƙa'idar da aka saba. Baƙi karbon (C) ne mai huda 4, fari idrojen (H) mai huda 1, ja oksijen (O) mai huda 2, shuɗi azot (N) mai huda 3, kore kuma klor. Sandunan akwai gajeru masu tauri na haɗi guda, akwai dogaye masu lanƙwasuwa na haɗi biyu ko uku. An tsara hudojin karbon a kan digiri 109.5, shi ya sa metan, CH4, ke fitowa da ƙafa uku a ƙasa, ɗaya a sama, ba shimfiɗe kamar yadda alli ke zana shi a allo ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Inda akwatin ya fi amfani shi ne darasin da ke raba shimi organik, ta sinadarai irin na jikin mai rai, da shimi mineral, ta sauran sinadarai. A da masana sun ɗauka cewa sinadaran jikin mai rai ba sa samuwa sai daga mai rai. A 1828 Bajamushe Friedrich Wöhler ya nemi haɗa gishirin siyanat na amoniyom, sai ya samu yuriya, wadda har lokacin daga fitsari ake fitar da ita. Ana iya maimaita wannan a kan tebur da ƙwallaye takwas: karbon 1, oksijen 1, azot 2, idrojen 4. Da farko a gina amoniyom, wato azot ɗaya da idrojen huɗu kewaye da shi. Gefe guda a jera oksijen, karbon, azot, da dogayen sanduna uku tsakanin karbon da azot. Sai a wargaza, a hana yara taɓa akwatin, a ce su sa karbon a tsakiya, oksijen a kansa da dogayen sanduna biyu, NH2 a dama, NH2 a hagu. Babu ƙwallon da zai yi saura, babu wanda zai rasa. Gani ya kori ji: zarra ɗaya ce a ɓangarorin biyu, tsarin zamanta ne ya sauya.

Yuriyar nan kuwa ita ce takin da manomanmu ke zuba wa gero da masara. A sa yara su yi lissafi: karbon 12, oksijen 16, azot biyu 28, idrojen huɗu 4, jimla 60. Raba 28 da 60 ya ba da kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari, lambar da ke rubuce a jikin buhu.

A nan matsala ta farko ke fitowa. Amoniyom na bukatar azot mai huda 4, kuma akwatuna masu araha da dama masu huda 3 kawai suke zubawa. In babu shi, darasin Wöhler ya tsaya tun kafin a fara. Wasu kan ari baƙin ƙwallo su manna masa shuɗiyar takarda, yana yi, amma yana rikita ƙidaya. Ta biyu ta fi ɓoyuwa: ƙwallon azot an huda shi da siffar amoniyak, mai tudu, alhali yuriya ta ainihi shimfiɗe take, zarrarta takwas kusan a fili ɗaya. Dole malami ya faɗi wannan da bakinsa.

Game da asalin rayuwa, akwatin na taimakawa ƙwarai wajen bayanin gwajin Stanley Miller, ɗalibin Harold Urey a Jami'ar Shikago, wanda aka buga a 1953. Ya rufe metan, amoniyak, idrojen da tururin ruwa cikin gilashi, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki kamar mako guda, ya samu asid amine, wato tubalan furotin, ciki har da glisin da alanin. Glisin na cin karbon 2, azot 1, oksijen 2, idrojen 5, gajerun sanduna 8 da dogaye 2. A raba wa rukuni molekul na metan, amoniyak da ruwa, su ɓalle su, su gina glisin. Daga nan rukuni biyu su kawo nasu, a cire OH daga ɗaya, a cire H daga azot na ɗayan, a haɗa su. Abin da aka cire ya zama ruwa, abin da ya rage shi ne haɗin peptid da ke ɗaure furotin. Yaron da ya yi wannan da hannunsa da wuya ya manta a ranar jarrabawa.

Sai dai a faɗa wa yara iyakar abin. Miller tubalan furotin ya samu, bai samu mai rai ba, kuma masana da yawa a yau na ganin iskar duniya ta farko ta fi yawan gas karbonik da azot, inda irin wannan gwaji ke ba da sakamako kaɗan. Akwai kuma abin da akwatin ke nunawa fiye da kowane littafi. A cire H ɗaya daga karbon na tsakiyar glisin a sa CH3, an samu alanin. A gina biyu, ɗaya hoton madubin ɗaya, za a ga duk juyin da aka yi ba sa hawa kan juna, kamar takalmin dama da na hagu. Gwaje-gwaje irin na Miller na fitar da su daidai wa daida, amma furotin na jikinmu nau'i ɗaya kawai yake amfani da shi, wanda ake kira L. Har yau ana binciken dalili.

Mai son ya nuna aikin Joan Oró na 1961, inda adenin, C5H5N5, ɗaya daga tubalan ADN, ta fito daga asid siyanidrik, HCN, zai bukaci azot 5, kuma ƙaramin akwati ba safai yake da su ba. Sai a haɗa akwati biyu.

A fannin mineral akwatin rauni gare shi. Ƙwallon da ke wakiltar ƙarfe irin su sodiyom, mai huda ɗaya, na sa yaro ya zaci gishirin miya molekul ne na sodiyom ɗaya da klor ɗaya riƙe da sanda, alhali iyon ne jere, wato zarra masu cajin lantarki, kowane sodiyom na kewaye da klor 6. Gara a bar wannan ga zane. Amma a gina gas karbonik, a kawo ɗan guntun kanwa a ajiye kusa, a nuna cewa dukansu na da karbon kuma a mineral ake lissafa su. Hakan na gyara kuskuren nan na cewa duk mai karbon organik ne.

Robar ba ta jure yanayinmu sosai. A zafin Afrilu da Mayu, in an bar akwatin a rana ko dab da rufin kwano, sanduna na saki, molekul ya riƙa zubewa a hannu. Da hunturu kuma dogayen na ƙandarewa su karye a wurin lanƙwasa, don haka a jiƙa su minti kaɗan a ruwa mai ɗumi kafin darasi. Gajerun kan maƙale cikin huda, akwai ɗan mabuɗin roba na zare su, kada a bar yara su sa haƙori. Fararen ƙwallaye su ke fara ɓacewa, a ƙirga su kafin a tashi. A aji mai cunkoso akwati ɗaya ba ya wadatarwa, ɗalibi biyar ko shida ga akwati shi ne daidai.

Kafin a biya kuɗi a buɗe a gaban mai shago. A nemi azot mai huda 4, a ƙirga shuɗaye, a tabbata mabuɗin na ciki. Sai a gina metan a tsayar da shi a tebur ta kowane gefe, in ya karkata to hudojin ba su daidaita ba, a karɓi wani.