Mai tsaga fim ga ƙananan kyamarori a Maradi: abin da ya iya da inda ya gaza

Duk wanda ya gaji ƙaramar kyamarar aljihu irin ta da, ko ya tsince ta cikin kayan gwanjo, tambayar da ke fara tare shi ita ce inda zai samo mata fim. A kusa da babbar kasuwar Maradi akwai wani tsohon shagon ɗaukar hoto wanda mai shi, dattijon da ya yi zamanin wanke hoto da hannu, ya ɗauki wannan aiki, kuma a ganina ya cancanci a yi bayaninsa dalla-dalla.

Kyamarorin nan ba fim iri ɗaya suke ci ba. Minox, wadda Walter Zapp ya ƙirƙira aka kuma fara ƙera ta a birnin Riga na ƙasar Latbiya a ƙarshen shekarun 1930, tana amfani da siririn fim marar huda a gefe, faɗinsa ya ɗan haura milimita 9, hoton da take fitarwa kuwa milimita 8 ne a kan 11, bai kai farcen babban yatsa ba. Minolta 16 ta Japan da Kiev 30 ta Tarayyar Sobiyet suna cin fim mai faɗin milimita 16. Sai samfurin fim da ake kira 110 da kamfanin Kodak ya fito da shi a 1972, wanda Fujifilm ya daina yi a 2009, Lomography kuma ya dawo da shi a 2012. Wannan na ƙarshe shi ne mai sauƙi, domin ana sayensa sabo a rufe, sai dai a yi odarsa daga waje, shagon kuma ba ya taɓa shi.

Aikin dattijon yana kan sauran ne. Yana ɗaukar fim na milimita 35, wanda har yanzu ake samu, ya ja shi cikin duhu ta wani ɗan katako da aka dasa wa reza a jere, sai gefuna biyu masu huda su zube, tsakiyar ta fita zare biyu daidai da Minox. Idan na milimita 16 ake so, ya canza tazarar rezar ya fitar da zare ɗaya, ko ya yanko daga nadin fim ɗin silima baƙi da fari irin Kodak Double-X idan ya samu. Na ga yadda yake shirya teburinsa tun kafin ya kashe fitila: almakashi a dama, kwanson fim, wato ɗan gidan da ake naɗa fim a ciki a sa shi a kyamara, a buɗe a hagu, ɗan guntun salatif ya manna a bakin teburi inda yatsa zai same shi ba tare da lalube ba. Bayan nan komai da hannu ne, ido ba shi da aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne shawararsa a kan zaɓin fim. Tun da hoton ƙarami ne ƙwarai, dole a faɗaɗa shi ninki da yawa kafin a ga fuska, kuma duk tsakin da ke jikin fim yana girma tare da shi. Don haka ba ya yarda ya tsaga fim mai lambar ISO 400 (lambar da ke nuna saurin kama haske) ga Minox sai mai kaya ya nace. Ya fi son masu 50 ko 100, irin Ilford Pan F Plus da Kodak T-Max 100, hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce: ranar Maradi ta wadatar, ba ma bukatar fim mai saurin kama haske sai a cikin ɗaki. Hotunan da aka ɗauka a waje da safe sun fito da tsabta har ana karanta rubutun allon shago.

Matsalar gaskiya ba ta fim ba ce, ta kwanso ce. Shagon ba shi da na sayarwa, kuma in ba ka zo da naka ba, babu aikin da za a yi maka. Da yake miƙo mini nawa ya ce, “Ɗana, fim ana yankawa kullum, amma wannan in ya fashe sai dai ka rataye kyamarar.” Kwanson Kiev da na Minolta sun yi kama, amma kada a ɗauka cewa kowanne zai shiga gurbin ɗan'uwansa, gara a kai kyamarar a gwada a gabansa.

Akwai abubuwan da ban gamsu da su ba. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, kuma ƙwaya ɗaya in ta maƙale a kan katakon tsagawa sai ta ja dogon zane daga hoton farko har na ƙarshe, abin da a fim babba ba a cika lura da shi ba, a nan kuwa yana raba fuska biyu. Ajiyarsa ma tana da rauni, domin firjinsa ya dogara da wutar da ke ɗaukewa, zafin watan Afrilu da Mayu kuma yana sa tsohon fim ya yi hazo. Wanda zai iya, ya kawo sabon fim nasa ya tsaya a yanka masa.

Fim mai kala ba ya wanke shi ko kaɗan, baƙi da fari kawai, kuma ba shi da na'urar da za ta kwafe hoto ƙarami haka zuwa kwamfuta da kyau. Kuɗin aikin bai yi yawa ba idan aka kwatanta da odar fim naɗaɗɗe daga Turai ko Amurka da kuɗin aikowa, sai dai ba ya karɓar aikin gaggawa, kuma ya fi son a kawo masa kaya da yamma bayan la'asar.