Microsoft Defender ta ishe ni a kwamfutar gida

Kwamfutar gidanmu ta kowa ce: yara na aikin makaranta a kanta, ni kuma ina ajiye hotuna da takardu. Na tsaya kan Microsoft Defender, manhajar kariya da ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11.

Abin da ya fi burge ni, ba ta da surutu. Wata ta kyauta da na taɓa sakawa kullum sai ta ɓullo da jan gargaɗi wai in sayi babbarta, fankar kwamfutar na ta huci. Defender kuwa, ranar da 'yata ta soka filashin ƙawarta, nan take ta killace wani mugun fayil, ɗan saƙo kawai ta nuna a kusurwar allo. Cibiyar AV-TEST ta Jamus, mai gwada manhajojin kariya, ma takan ba ta maki mai kyau.

Don Allah ka shiga Windows Security, wato sashen tsaro na Windows, ka kunna Controlled folder access, domin a kashe yake zuwa. Shi ke hana masu kulle fayiloli don neman kuɗin fansa taɓa hotunanka. Yakan tare manhaja mai lafiya wani lokaci, sai ka ba ta izini da kanka.