Gargaɗi ga masu tara tsofaffin bindigogi masu baki biyu na Amurka

Jama'a, musamman 'yan'uwa mazauna Amurka da suka shiga wannan harkar, a yi hattara da wani mai talla a shafukan cinikin tsofaffin bindigogi. Yakan sa hoton bindiga ƙirar kamfanin Parker mai baki biyu, jikinta sha-kundum da zane, ya ce gadon kakansa ce, kuɗin asibiti ne suka matsa shi.

Ga inda dabarar take. Kamfanin Parker Brothers na garin Meriden a jihar Connecticut a da ya riƙa ƙera bindigoginsa aji-aji ne. Trojan da VH su ne na masu ƙaramin ƙarfi, sai a hau GH, DH, CH, BH, AH, har a kai A1 Special. Siffarsu kusan ɗaya ce, amma tazarar farashi ba kaɗan ba. Sai ɗan damfara ya sayi VH da arha, ya kai wa mai sassaƙa ya cika ta da zanen karnuka da tsuntsaye, a sauya mata ƙota mai kyau, ta fito kasuwa a matsayin AH.

Kada zane ya ruɗe ka. Karanta rubutun da ke kan ƙarfen da ya ratsa tsakanin bututun biyu: na VH Vulcan Steel ne, na DH Titanic Steel. Lambar bindiga kuma dole ta zo ɗaya a jiki, a bututu, da a katakon gaba. Sannan ƙungiyar Parker Gun Collectors Association tana ba da wasiƙa daga tsofaffin littattafan kamfanin, wadda ke nuna ajin da bindigar ta fito da shi da tsawon bututunta. Wannan mutumin, da ka nemi lambar, sai ya fara kame-kame, wai wani ya riga ya taya.

Akwai kuma masu tambarin T. Parker. Ƙirar Beljiyam ce mai arha, ba ta haɗa komai da Meriden ba.

Abin da ya fi tona shi shi ne biya. Katin kyauta yake so ko kuɗin kirifto, kuma zai aiko maka har ƙofar gida. A dokar Amurka, bindigar da aka ƙera daga 1899 zuwa yau, idan za ta tsallaka jiha, sai ta bi ta hannun mai lasisin tarayya. In ya ce babu buƙata, ka rufe hira, ka kai ƙarar tallarsa ga masu shafin.