Wasiƙa daga Birmingham: a nan kayan da aka saya ana mayarwa

Yaya, barka da war haka. Ya kasuwa, ya jikin Hajiya?

Ka tambaye ni ko in ka turo jari za mu iya buɗe shagon waya a nan irin naka na Farm Centre. Kafin ka zuba kuɗinka, ga yadda ciniki yake a Ingila.

Takardar nan da kuke mannawa a bango, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, a nan ita kaɗai ta isa ta jawo maka jami'an ƙaramar hukuma. Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ce in kaya suka fito da aibi, mutum yana da kwana 30 ya dawo da su a ba shi kuɗinsa cif. Daga nan har wata 6, kai mai shago ne za ka kawo hujjar cewa lafiya lau ka sayar, in ka kasa, gyara ko canji yana wuyanka. Wayoyin hannu ma, waɗanda kuke kira 'yan Landan, ba su tsira ba. Wanda ya saya ta intanet kuwa, kwana 14 gare shi ya fasa, ko da kalar ce kawai ba ta yi masa ba.

Mai saye dai ya huta. Amma wa ke ɗaukar asarar? Babban kanti ko a jikinsa, sai ya tura wa kamfanin da ya ƙera. Wani ɗan Pakistan mai ƙaramin shago a layinmu ya nuna mini kwali guda cike da caja da wayoyin da aka dawo masa da su. Daga Sin ya saro su, wanda ya sayar masa kuma ya daina amsa saƙo. Duk da haka, gaskiya, dokar ce ke kawo masa ciniki. Baƙon da bai taɓa ganinsa ba zai ajiye fam 300 ya kama gabansa, ba rantsuwa, ba "wa ya san ka", rasit kawai. Ku a can sai an san mutum ake yarda da shi.

Manyan ma ana taka musu birki. A 2019 hukumar CMA, mai sa ido kan gasar kasuwanci a nan, ta hana manyan kantunan Sainsbury's da Asda haɗewa, don kada farashi ya tashi. Mu ma fa a Najeriya muna da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, da dokarta ta 2018, wadda ta ba da damar mayar da kaya masu aibi, sai dai mutum nawa ne a Sabon Gari suka san da ita?

In kana nan a kan bakanka, sai mu ware wani abu daga jarin don kayan da za su dawo, kuma sari sai a wajen dilan da ke cikin ƙasar nan, wanda za mu iya kamawa. Ka gaida su Hajiya da yara.